Mazauna Legas, me kuka gani a wajen iyayenku mata da yake riƙe ku har yau?

Malama Maman Sadiya, Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Legas da kewaye. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon kowa ya amsa daga abin da ya gani da idonsa. Darajar uwa a addini dukanmu mun san ta. Hadisin mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) wa ya fi cancanta ya kyautata wa, aka ce masa mahaifiyarka har sau uku kafin a ambaci mahaifi, yana cikin Bukhari da Muslim, yaran da nake koyarwa a Islamiyya ma sun haddace shi. Abin da nake nema shi ne: wane abu mahaifiyarka ta yi a gabanka, wanda in garin nan ya matse ka, shi kake tunawa ka miƙe? Yawancinmu mun baro su can Arewa, tafiyar kwana guda cur a mota, wasunmu kuma nan aka haife su, iyayen suna tare da su.

Nawa gajere ne. Ummanmu a Zariya take, kuma tun ina ƙarama matan aure ke taruwa a tsakar gidanmu bayan Isha'i tana biya musu karatu: tsarki, alwala, ƙananan surori. Ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Akwai tsohuwar da ta girme ta nesa ba kusa ba, Fatiha kawai suka yi ta maimaitawa kusan damina guda, ban taɓa jin Umma ta ɗaga mata murya ba. Takan ce aikin da Nana Asma'u 'yar Shehu ta bar wa mata ne, ita da jajis ɗinta, wato malamai mata na ƙungiyar 'Yan Taru da ke bin ƙauyuka. Yau matan 'yan kasuwa nake koyarwa a nan Agege, kuma duk ranar da haƙurina ya kusa ƙarewa, waccan tsohuwar nake tunawa. Bismillah, ku zo da naku.

Na Kura Mai Gwari, Mile 12

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. Ni dai 2016 ba zan manta da ita ba, duk ɗan gwarin da ke Mile 12 ma haka. A watan Maris aka yi rikicin da ya sa gwamnati ta rufe kasuwar na wani lokaci. Kayan da ke ƙasa suka ruɓe, motocin da suka taso daga Arewa suka rasa inda za su sauke. Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta afka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Kwando ya yi tsadar da ban taɓa gani ba, mu ƙananan 'yan kasuwa ba mu da ƙarfin taɓa shi. Jarina ya karye ƙurmus.

Innata tana wani ƙauye kusa da Kura, yankin noman rani na Kadawa da ke shan ruwa daga madatsar Tiga. Tun muna yara, idan tumatir ya yi kaka, manoma suna rasa mai saye har ana zubarwa bakin hanya, ita lokacin take fita da 'yan kuɗinta ta saye da arha. Ta zauna da wuƙa tun hantsi, tana raba kowane ɗaya biyu, mu kuma muna jerawa a kan buhuna da karan dawa, fuskar yankan tana kallon rana. Ruwan tumatir yana cin hannu, yatsunta duk sun tsattsage, da dare sai ta shafa man kaɗe ta kwanta, gobe ta dawo. In ya bushe ya zama kauɗa sai ta ɗure a buhu, ta ɗora a kan katako a ɗakin da ba ya yoyo, ba za ta taɓa ba sai damina ta yi nisa.

To a shekarar nan, da ɗanye ya gagara, kowa ya koma kan kauɗa. Buhunan da ta tara suka yi daraja. Ta sayar, ta aiko ƙanina da kuɗin har Legas, saƙon da ta haɗa shi da shi kawai shi ne in koma kasuwa kada in zauna. Da wannan kuɗin na tashi. Tun daga ranar na gane cewa abin da muke yi a nan, mu sayi ɗanye da safe mu yi addu'ar ya ƙare kafin yamma, rabin sana'ar ne. Iskar Legas damshi gare ta, ba ta busar da kaya, don haka duk kaka nakan aika kuɗi gida, Inna ta raba wa matan unguwa aikin yanka da shanya ta biya su, a ajiye mini kauɗa da busasshen tattasai. Yanzu ita ke duba aikin, ba ta riƙe wuƙa. Amma har yau in aka yi yankan da bai yi mata ba sai ta sa an sake.

Ɗan Gumel, Ojo

Ni ɗan fari ne, kun san abin da hakan ke nufi a wajenmu. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ko waya na kira, gaisuwa biyu sai ta miƙa wa ƙanwata, komai ta bakinta yake biyowa: “ki ce wa wancan”.

Acaɓa nake yi a Surulere har zuwa 1 ga Yunin 2022 da aka hana a ƙananan hukumomi shida, Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland. Na sayar da babur ɗina da asara, na haɗa jaka zan koma gida. Sai ƙanwata ta kira ta ce Inna ta ce a tambaye ni, ita sana'a nawa na san ta da ita? Na zauna na lissafa. Da kaka tana matsar man gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli. Gyaɗa ta yi tsada ta koma daddawa. Da azumi ƙosai da kunun tsamiya. Damina ta sauka ta shiga ɗan gayaunanta na kuɓewa da yakuwa, ta sayar da ɗanye ta shanya saura. Ko sau ɗaya ban ga ta zauna tana kukan sana'ar da ta tsaya ba. Na kwance jakar.

Yanzu teburin shayi gare ni kusa da Alaba Rago, 'yan tumaki da masu dako su ne mutanena, burodin Agege da ƙwai da indomi. Da na je gida da Babbar Sallah, na tarar ta ajiye mini kwalbar man shanu da yajin da ta daka da hannunta, ta ba ƙanwata ta miƙo mini, ita kuma ta juya kai tana gyaran murhu. Wanda bai san mu ba zai ce ba ta damu ba.

Malama Maman Sadiya, Agege

Allahu akbar. Ɗan Gumel, ni ma 'yar fari ce, na san wannan juya kan. Allah ya sa wa teburin albarka.

'Yar Idi-Araba

Salamu alaikum. Ni nan aka haife ni, nan na tashi, Katsina sai da biki ko rasuwa muke zuwa. Mamanmu waina take yi a ƙofar gida tun kafin in yi wayo. Shinkafa tun la'asar ake jiƙa ta, a kai niƙa da magariba, ta kwaɓa ta rufe ƙullun ya kwana ya tashi. Kafin kiran assalatu ta hura wuta, tanda ta ɗau zafi, miyar taushe tana gefe. Masu fitowa daga masallaci su ne farkon ciniki, sai 'yan makaranta, sai ma'aikatan asibitin koyarwa na LUTH da ke wucewa ta layinmu. Idan nas ta tsaya saye da farin kayanta, Mama takan bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ta dube ni. Ba ta cewa komai a lokacin. Amma akwai asusun gwangwani da take jefa kuɗin tandar farko a ciki kullum, kuma kowa a gidan ya san na makarantata ne, ko ciwo ake ba a fasa shi.

2002 ta zo mana da nauyi. Ranar 27 ga Janairu bama-bamai suka tashi a barikin soja na Ikeja, garin bai dawo hayyacinsa ba sai ga rikici a unguwarmu a farkon Fabrairu. Wata maƙwabciyarmu Bayarabiya, mai sayar da kamu, wadda Mama ke sayen kaya wajenta suna bin juna bashi, ita ta shigar da mu ɗakinta ta kulle har ƙura ta lafa muka samu muka tafi wajen 'yan uwa a Agege. Allah ya jiƙan iyayenta, ita ma ya saka mata. Mutane da yawa daga nan suka kwashe iyali zuwa Arewa. Baba ma ya ce mu tafi, kawunnaina suka ce dama yarinya ta isa aure, me ake jira. A nan ne na ga Mama ta yi abin da ban taɓa zato ba. Ta durƙusa gaban Baba cikin ladabi ta ce, “Malam, ka yi mini alfarma ɗaya, yarinyar nan ta gama karatunta. Abin da zai ci ni zan nema.” Ta dawo ta tarar an fasa rumfarta, tandar ma babu. Ta sayi wata bashi ta ci gaba.

Mama ba ta yi boko ba ko na rana ɗaya, amma ba a taɓa taron iyaye a makarantarmu ba ta je ba. Turanci ba ta ji, sai ta yi wa malamai tambaya da Yarbancin da ta koya a bakin tanda, kuma sai an ba ta amsa take tashi. Yau ni ma'aikaciyar jinya ce. Idan aikin dare ya yi tsanani, marasa lafiya sun yi yawa hannu ya yi kaɗan, nakan tuna cewa a daidai wannan lokacin ita ma ta tashi tana hura wuta. Ta daina waina yanzu, hayaƙi ya taɓa mata ido, ƙanwarta ta karɓi wurin.

Abban Walid, Ketu

Malama, a ba ni dama in sa wadda ba ta haife ni ba. Mahaifiyata ta rasu ina goye, Allah ya jiƙanta. Abokiyar zamanta ce ta ɗauke ni ta haɗa da ɗanta, ta shayar da mu tare. Sai da na kai munzalin kaciya wata tsohuwa ta yi suɓul da baka na san ba ita ta haife ni ba. Na tambaye ta, ta ce wanda ya faɗa ya je ya kawo shaida. In za a raba nama ni take fara miƙa wa, don kada a ce. Yanzu ina riƙe da marayu biyu na yayana a ɗakina a nan Ketu, makaranta ɗaya da 'ya'yana, ɗinkin Sallah iri ɗaya. A wajenta na gani.

Direban Tanka, Apapa

Allah ya saka wa Iyarka da Aljanna, Abban Walid.

Tawa Hajiyar uwar adashi ce a ƙauyenmu, gefen Funtuwa. Ba ta karatu ba ta rubutu, amma matan gari kaf wajenta suke zubi. Kowace mace tana da layinta a bangon ɗaki, in ta kawo sai Hajiya ta ja zane da gawayi, kuɗin kowace ƙungiya kuma da tsumman da take ƙulle shi, launi daban. Tun tasowata ban ji an yi musu da ita a kan ko naira ɗaya ba. Akwai ranar da gidanmu ba a ɗora tukunya ba, ga kuɗin mutane a ƙarƙashin gadonta, na ce Hajiya ki ara mana mana, gobe a mayar. Ta dube ni ta ce wannan wuta ce a ƙulle, ta tashi ta je ta ranto gero a maƙwabta.

Kun tuna canjin kuɗi. Babban Banki ya sake fasalin takardun 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffin a 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Ƙauyenmu babu banki, kuɗin mata kuma duk tsofaffin takardu ne a hannunta. Tsohuwa da ciwon gwiwa ta hau mota zuwa gari, ta tarar da layi ba iyaka. Ƙarshe wani ɗan kasuwa ne ya karɓa, amma sai da ya yanki wani abu a kai. Da ta dawo ba ta ce wa kowa an yanka ba. Ta sayar da tunkiyarta ta cike giɓin, kowace mace ta kwashi nata cif. Ni ma daga bakin ƙanina na ji.

Mu direbobin tanka kun san jarabawarmu. Ka ɗauko lita 33,000 ko 45,000 daga Apapa, ka bi ta Ibadan da Ilori, ka haye Jebba ka kwana Mokwa, a kowane zango akwai mai raɗa maka cewa jarka biyu ba za a gane ba. Ga kuɗin hanya ba ya isa, musamman tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi. Wallahi duk lokacin da aka yi mini wannan raɗar, bangon nan mai zanen gawayi nake gani. Maigidana yanzu ko awo ba ya tsayawa dubawa in ni na kawo kaya.

Gwaggon Yara, Obalende

'Ya'yana da ƙannena, na karanta duka, har na share hawaye. Amma ku bar ni in faɗi wadda ba ta da daɗi. Duk labaran nan na hannuwan da suka tsage ne, da idon da hayaƙi ya ci, da gwiwar da ta gaji. Allah da kansa ya ce ta ɗauki cikinsa rauni a kan rauni, a Suratu Luƙman, a Ahƙaf kuma ya ce ɗaukarsa da yayensa wata talatin ne. Wahalarsu gaskiya ce. Tambayata ita ce, mu da muke yabon wahalar, wa ya sauke musu ita? Na san maza a garin nan da ke saka hoton uwa a WhatsApp da dogon kirari, amma Sallah ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ba su taka gida ba. Tura kuɗi ta POS abu ne mai kyau, sai dai tsohuwa ba za ta ce maka kanta na sarawa ba, za ta ce lafiya lau, don kada hankalinka ya tashi a bariki. Sai ka je ka zauna kusa da ita za ka ga tana laluben ƙofa.

Abin da ni na gani wajen tawa uwar ke nan. Kakata ta shanye ɓarin jiki, ta daɗe a kwance. Innata da aurenta da 'ya'yanta, ta roƙi Babanmu ya bari ta ɗauko ta. Ita ke juya ta dare da rana don kada bayanta ya yi gyambo, ita ke yi mata alwala, ta dama kunu mai ruwa-ruwa ta ba ta da ludayi kaɗan-kaɗan tana goge mata baki. Ko tsaki ban taɓa ji ba. Da nata lokacin ya zo, idonta ya yi yana, na je na ɗauko ta na kawo ta nan aka yi mata aiki. Ranar da aka cire bandeji ta ɗauki Alƙur'aninta ta karanta da kanta. Ba ta yarda ta zauna Legas ba, ta ce hayaniya ta yi yawa kuma awakinta na jira, na mayar da ita. Don Allah duk wanda tasa ke raye, ya sa a gwada mata hawan jini da suga, a duba idon. 'Yar Idi-Araba, ke ce ma'aikaciya, ki gyara mini in na yi kuskure.

'Yar Idi-Araba

Babu gyara, Gwaggo. Hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba, sai dai a wayi gari mutum ya faɗi. Awon ba ya ɗaukar minti biyar, ana yi a ƙananan asibitoci da manyan kantunan magani. In an ɗora ta a kan magani, a tabbatar wani a gida yana lura tana sha kullum, don iyayenmu da sun ji sauƙi sai su ajiye.

Ɗan Iya, Agege

Ni mahaifina Bakano ne mai fataucin goro, mahaifiyata Bayarabiya ce 'yar Abekuta. Da aka yi auren, dangi ta kowane ɓangare ba su so ba. Iya ta koyi Hausa a bakin matan gidan haya, ta koyi tuƙa tuwon shinkafa da kaɗa miyar kuka har gwaggonnina da suka zo daga Kano suka nemi ƙari. Bayan rasuwar Baba ta riƙe mu da sayar da wake da burodi a bakin titin jirgi. Da safe boko, da yamma ita da kanta ke riƙe hannuna zuwa makarantar allo, ta ce ɗan Malam ba zai tashi bai san abin da ubansa ya sani ba. Duk shekara kuma sai ta tara kuɗin mota ta tura mu Kano mu ga dangi, ko da ita ba za ta je ba. Shi ya sa yau in an samu saɓani tsakanin mutanenmu da 'yan gari a kasuwa ni ake kira, ina jin yaren kowa, kuma kowane ɓangare nawa ne.

Ɗan Gumel, Ojo

Gwaggo, maganarki ta shige ni. Ƙanwata ta taɓa ce mini Inna tana yawan riƙe ƙeya da yamma. Na yi magana da wani ɗan unguwarmu da ke aiki a asibiti, zai je ya gwada ta ranar Laraba. Ina so in aika mata na'urar awon ta zauna a gida, da atamfa turmi ɗaya. Akwai mai tafiya wajen Jigawa a makon nan?

Na Kura Mai Gwari, Mile 12

Kawo Mile 12 ranar Alhamis kafin azahar, ka tambayi layin 'yan tattasai. Akwai motar da ta sauke kaya za ta koma Haɗeja, direban mutumina ne, ta Gumel zai bi. Ka rubuta lambar ƙanwarka a jikin ledar.